Gwaggo Mai Shara, Wadda Ta Hana Na'ura Tona Asiri

Kullum kafin layin marasa lafiya ya taru, Gwaggo Mai Shara tana ɗakin na'urorin asibiti, ta ƙudundune da mayafi saboda sanyin ɗakin. Ba tsintsiya take riƙewa ba. Injiniya ce, aikinta can cikin zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, inda ake raba wa kowane aiki gurbi a ƙwaƙwalwar na'ura. Dokarta ce ta jawo mata laƙabin: ba a miƙa wa sabon aiki gurbi sai an goge abin da na baya ya bari.

Abokan aiki sun sha yi mata tsiya. "Gwaggo, sharar nan taki tana rage mana gudu fa!"

Sai ta ce, "Ɗana, kai za ka ba sabon ɗan haya ɗaki, kayan tsohon na ƙarƙashin gado?"

Shekaru ta yi ita kaɗai mace a ɗakin, ana ƙarin girma ana tsallake ta. Ba ta roƙi kowa ba, ba ta kuma sassauta ba.

Wata rana wani kamfani ya sabunta manhajar, ya cire gogewar don a samu sauri. Saura kaɗan a tura wa marasa lafiya saƙon ranar ganin likita, Gwaggo ta fara gwada guda a wayarta. A wutsiyar saƙon, sai ga sunan wata mata da sakamakon gwajin jininta: ragowar da ba a goge ba. Da an tura sauran, da sirrin mutane ya bazu a wayoyin baƙi.

Ba ta jira izini ba, ta tsayar da komai. Shugaban sashen ya shigo a guje. Da ya karanta, muryarsa na rawa ya ce, "Nawa suka fita?"

"Ɗaya, ranka ya daɗe. Ga shi a hannuna."

Ya zauna daɓas, ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi."

Gwaggo, ke ce mai rufin asirin da ba a san da ita ba. Yau da kike ajiye aiki, mun gode, Allah ya rufa naki. Mu matan da muka biyo sahunki, mu riƙe dokar nan ko ana dariya. Matar nan har gobe tana zuwa asibiti da mutuncinta, tana wuce ki a baranda ba ta ma san ki ba.