Garin Kwaki a Lagireto

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ana idar da salla, mu biyu a kan babur ɗaya. Abokina ke tuƙi, ni ina baya da jaka a goye. Babur ɗin ba irin na 'yan acaɓa ba ne, irin ƙattin nan ne masu ruri, waɗanda ke da lagireto a gaba kamar mota. A kasuwar 'yan gwangwan ta Panteka ya saye shi shekarun baya, lokacin ba shi da maraba da tarin ƙarafa, ya yi ta haɗa shi sannu a hankali har ya tashi.

Mahaifinsa tsohon direban babbar mota ne da ya ajiye sitiyari ya koma noma a Jiwa, nan gefen Abuja. Ranar da aka nuna masa hoton ƙarafan, dariya ya yi, ya ce duk ranar da wannan gawar ta kawo ɗan nasa ƙofar gida da ƙafarta, shi da kansa zai hau baya a zaga da shi. Maganar wasa ce, amma ɗan bai ɗauke ta da wasa ba. Makon jiya ƙanwarsa ta bugo waya ta ce jikin tsoho ya yi rauni, ya daina zuwa gona, in akwai abin da yake son nuna masa to kada ya jinkirta. Dalilin tafiyar ke nan. Ni rakiya kawai na yi, kuma bayana bai gode mini ba.

Damina ta ja baya amma daji na nan kore shar, masara ta nuna a gonakin gefen hanya. Titin kuwa wani wuri sumul, wani wuri sai a karkatar da kowa hannu ɗaya saboda aiki, ka bi bayan tirela kana shan hayaƙi. Masu shinge ba su dame mu ba, babur ɗin suke kallo, tambayarsu ɗaya ce a ko'ina: gudu nawa yake yi? Bayan mun wuce Kateri wata tifa ta watso mana tsakuwa. Na ji ƙas a gaba, ban kawo komai a raina ba.

A Tafa muka tsaya karyawa. Gari ne na manyan motoci, an jera su gefe da gefe, direbobi na kwance a ƙarƙashi kan tabarmi. Mun sha shayi da burodi da wainar ƙwai, mai shayin bai yi rowar madara ba, kuɗin ma da sauƙi. Da muka dawo sai muka tarar da ɗan koren ruwa a ƙasan babur. Tsakuwar nan ta huda lagireto, yana ɗiga kaɗan-kaɗan.

Abokina bai ko girgiza ba. Ya ce ai wannan tun yana yaron mota a wurin babansa ya san maganinsa. Ya je wurin wata mata mai awo ya sayo garin kwaki, ya jira inji ya huce, ya buɗe murfin lagireto ya zuba cikin tafin hannu guda, ya bi da ruwan leda. Dabarar direbobi ce: garin ya kumbura ya je ya toshe hujin. Direbobin da suka kewaye mu duk suka gyaɗa kai, wani ma ya ce a ƙara. Ɗigar ta tsaya kuwa, muka hau hanya muna yabon na da.

Mun wuce Dutsen Zuma lafiya, mun kutsa cunkoson Zuba, inda mota da ɗan talla da akuya kowa ke ganin shi ke da hanya. Muna isa Dei-Dei jar fitilar zafin inji ta kama, zafi ya fara dukan ƙafafunmu, tururi ya taso. Ya kashe injin nan take muka gangara gefe. A nan ido ya raina fata. Bututun lagireton babbar mota faɗi gare su, na babur kuwa sirara ne kamar tsinken tsintsiya. Garin ya toshe huji, ya kuma toshe duk sauran hanyar ruwa. In aka matsa, inji zai buga.

Daga inda muke zuwa Jiwa ba nisa. Na ce mu sa babur a akori-kura mu kai shi gida, gobe a nemi gyara. Ya ce tsoho da ƙafarta ya ce, bai ce a kan makara ba. Wani mai sayar da rake ya yi mana kwatancen gareji a Idu inda ake taɓa irin waɗannan babura. Muka yi ciniki da mai akori-kura, ya caje mu kuɗin Abuja, muka ɗaure babur a baya. Da muka zo mararrabar Jiwa abokina ya sunkuyar da kai bai cire hular kwano ba, kada wani ɗan garin ya gane shi ya kai labari.

Idu duk masana'antu ne da manyan rumbunan ajiya, ga tashar jirgin ƙasa can gefe. Garejin rumfar kwano ce a bayan wata katanga. Mai shi mutumin Filato ne, mai fara'a, ya ce hannunsa a cike yake da aiki, amma ga sifanu ga daro, tunda abokina ya san babur ɗinsa.

Sai da inji ya huce sarai sannan abokina ya kwance robobin gefe. Ya tara daro, ya sassauta tiyon ƙasa. Abin da ya fito ba ruwa ba ne, wani abu ne mai kauri yana saukowa guda-guda. Mai gareji ya leƙo, ya dangwala da yatsa.

“Oga, wane ne ya tuƙa teba a nan? Abeg, miya kawai ya rage.”

Abokina bai yi dariya ba. Ya zare wayar fanka, ya cire tiyon sama, ya kwance notinan da ke riƙe da lagireton. Amma lagireton ya ƙi fita, domin a ƙarƙashinsa akwai wani ƙarami, wanda ke sanyaya baƙin mai, kuma ƙarfe ɗaya ke riƙe da su. Dole shi ma ya sauka. Ya tara wani kwano daban, ya kwance bututun mai guda biyu, ya ɗaure bakinsu da leda kada ƙasa ta shiga. Kowane noti ya cire sai ya ajiye shi a kan kwali daidai yadda yake a jikin babur. Ni aikina riƙe kwano.

Wasoshin jan ƙarfe, 'yan zobban nan da ke bakin bututun mai, ba a maimaita su, in an mayar da tsofaffi mai zai riƙa tsatsa. Babu su a garejin, babu kuma koren ruwan lagireto, sai aka tura ni Wuse. Na shiga tasi mai kore da fari, mu huɗu a baya. Wuse ba ta canza ba: mutane kamar an yi ɓarinsu, kowa na sauri, mai shago na yi maka Hausa da Turanci a numfashi ɗaya. Na samo kayan a wani shago kusa da kasuwa, na ci shinkafa da wake a kuɗin da a Kaduna har nama za a sa mini.

Na dawo na tarar sun wanke lagireton da tiyo, suna tura ruwa ta baya har ya fito garau. Sun wanke hanyoyin ruwa na cikin inji su ma. Mai walda na maƙwabta ya like hujin, suka toshe bakunan, suka nutsa shi a daro suna hura iska. Ba kumfa ko ɗaya.

Mayarwa ta fi cirewa cin lokaci. Ƙaramin na mai abokina ya fara ɗaurawa da sababbin wasoshi, yana ja a hankali, don in ka cika ƙarfi zaren notin zai mutu. Sannan babban, da tiyoyinsa, da wayar fanka. Ya zuba koren ruwa kaɗan-kaɗan yana matsa tiyo da hannu don iska ta fita, ya cika baƙin mai. Ya tayar da inji. Mai gareji ya ce kada kowa ya yi murna sai fanka ta juya da kanta. Muka tsaya cirko-cirko, la'asar ta wuce, wayar abokina na ta ƙara a aljihu, ƙanwarsa ce, ya kasa ɗauka. Na ga tsoro a fuskarsa, ni ma na ji shi. Can sai fanka ta ɗauka, ta yi aikinta, ta tsaya. Ƙasa a bushe, ba ruwa ba mai.

Mun shiga Jiwa rana ta yi sanyi. Tun daga nesa tsoho ya ji ƙarar, ya sa aka fito da shi ƙofar gida a kan kujera. Ya rame ƙwarai. Bayan gaisuwa ya miƙa hannu ya shafa lagireton, yatsansa ya tsaya a kan sabuwar walda.

“Me ya same shi?”

“Tsakuwa ce, Baba. Na zuba masa gari a Tafa, yadda kuke yi.”

“Kamar yaya ka zuba?”

“Tafin hannu.”

Tsoho ya yi dariya har tari ya kama shi. “Kai, ko a babbar mota da yatsu uku nake ɗiba. Kana ganin ina zubawa, ba ka taɓa duba hannuna ba.”

Sannan ya ce a ɗaga shi. Abokina ya hau, ni da ƙanwarsa muka ɗora tsoho a baya, ya rungume ɗansa ta ciki. Babur ɗin da kowa ke tambayar gudunsa ya bi hanyar gona a giya ta ɗaya, kaji ma ba su kauce da sauri ba. Da suka dawo abokina ya daɗe bai cire hular kwano ba, mu ma ba mu ce ya cire ba.

Washegari da hantsi muka kamo hanya, muka iso Kaduna bayan azahar, fanka na aikinta, lagireto bai zubar da ko ɗigo ba. Abin da na koyo bai da yawa. Maganin babbar mota linzami ne da ya fi ƙarfin bakin kaza, kuma in za ka ɗauki dabarar manya, ka tambayi awonta tun suna nan. A ƙofar gidansa abokina ya buɗe jakar da na goyo, ya ciro ƙullin tsarabar da tsoho ya sa aka cusa mana. Garin kwaki ne. Ya ce saƙon da aka haɗo shi da shi ɗaya ne: wannan na ci ne.