Tafin Inna Turai a Kan Jitar Ghali

Ghali Mai Jita ɗan masunta ne, kuma har ya cika shekara arba'in da bakwai bai taɓa jin sunansa daga bakin mahaifiyarsa ba. Shi ne ɗan farinta. Inna Turai irin matan da ce, masu riƙe alkunya kamar farilla. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in ya durƙusa ya gaishe ta bango take kallo ta amsa. In magana ta kama dole, sai ta ce da matarsa Bushira, "Ki gaya wa wancan tuwonsa na hucewa." Jama'a suna yaba wannan hali. Su yi ta yabawa, ai ba su ne suka yi furfura ba tare da uwa ta taɓa shafa kansu ba.

Iyayensa suna cikin waɗanda ruwan Tiga ya tasa. Inna Turai tana amarya aka kwashe su daga Marken Dutse, garin da yanzu yake ƙarƙashin dam da rijiyarsa da maƙabartarsa, aka zube su a gefen Bebeji. Maza suka koma kamun kifi da noman rani. Ita kuwa garin ya maƙale mata a baki. In tana niƙa sai ta riƙa jero gidajensa cikin waƙa, daga gidan liman zuwa na maƙera har bakin rafi, ba ta tsallake ko ɗaya. Ghali ta bayan danga ya koyi waƙar, don ba mai zaunar da shi ta koya masa ba ce.

Jitarsa ta katako ce, mai ciki kamar ƙwarya, da wani direban itace daga Doguwa ya bar masa a madadin kwandon banda. Ba wanda ya nuna masa yadda ake riƙe ta, sai ya kaɗa ta kamar gurmi. In tsirkiya ta tsinke, ya zare wayar birkin babur ya ɗaura. Yana shiga da ita kwale-kwale, yana kai ta wunin biki a Ƙofa da Badafi, mata su zauna tsit don sautinta ba ya wuce tsakar gida.

Amma babban aikinta ba a biki yake ba. Kullum bayan la'asar Ghali zai tuɓe takalmi, ya zauna a gefen tabarmar Inna, ya kaɗa waƙar Marken Dutse. Da kunnenta ya fara mutuwa, wata rana sai ta miƙo hannu ba tare da ta juyo ba, ta ɗora tafinta a kan cikin jitar. Katakon yana rawa a ƙarƙashin tafin, leɓɓanta suna motsi da sunayen gidaje. Shekara takwas ana haka. Hannunta bai taɓa kusantar jikinsa kamar haka ba, amma Ghali abin da ya gani kawai shi ne tsohuwa ta daina ji, kuma abin yana cin ransa.

Sai Shitu ya shigo. Shitu mai gyaran rediyo ne a kasuwar Bebeji, mutum mai baki kamar an kunna shi an manta. A shagonsa akwai wata jita ja mai lantarki, shafaffiya kamar allo, da tsohuwar sifikarta.

"Sarkin ruwa," in ji Shitu, "har yanzu kana yawo da wannan ƙwaryar? Ka kai wa Fulani su zuba nono mana."

"Ƙwaryar nan ba ta neman fetur," in ji Ghali. "Taka in an ɗauke wuta me ta fi muciya?"

"To jira ka ji muciya."

Ya jona ta, ya miƙa masa. Ghali ya taɓa tsirkiya ɗaya, sautin ya doke shi a ƙirji, masu kayan miya a tsallaken titi suka juyo. Ta fi tasa laushi a yatsa, kuma kukanta yana daɗewa kafin ya mutu. Sannan ya yi tambayar da ta kai shi ƙasa.

"Wanda kunnensa ya yi nauyi zai ji wannan?"

"Ko gawa ce sai ta motsa," in ji Shitu.

Suka yi musaya a take, ta katako ta zauna a shago. Ghali yana ɗaure sifika a bayan babur Shitu ya ce, kamar mai zancen farashin albasa, "Wani lokaci takan ɗan ciji mutum. Kai dai ka tsaya a kan takalmin roba." Shitu ya san tana cizo, ya ba shi. Wayar sifikar ko kai ba ta da shi, tsirara take, ana cusa ta a soket a danne da tsinken ashana. Wai haka kowa yake yi.

Bushira ba ta ji daɗi ba. "Malam, ka tambayi Inna kuwa?"

"Na tambaye ta ta ina? Kin taɓa ganin ta ba ni amsa?"

"Ni da ka sa ni na tambaya."

"Ki bari ta ji da kunnenta tukuna," in ji shi.

Ran nan ya aro janareta a wajen wani mai noman rani. Maƙwabta suka ji labari suka fara shigowa, Bushira ta share tsakar gida ta yayyafa ruwa sosai kamar yadda ake yi in za a yi baƙi. Bayan la'asar aka shimfiɗa wa Inna tabarmarta. Ghali ya zo bakin tabarmar da jita a rataye, ya tsaya, ya kalli takalmansa. Bai manta da maganar Shitu ba. Amma tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa zuwa gabanta da takalmi ba, ba kuwa yau da idon jama'a zai fara ba. Ya tuɓe su, ya tsuguna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Inna ta miƙo hannu kamar kullum, fuska a bango. Tafinta ya sauka a kan jan fenti mai santsi. Ta laluba tana neman ciki, ba ciki.

Aka ja janareta. Ghali ya damƙi tsirkiyoyin da hannun hagu, wuta ta riƙe shi. Yatsun suka ƙulle, haƙoransa suka datse, ko ihu bai iya ba. Sifika tana wani irin kuka, wasu a ƙofa suna dariya suna zaton salon sabuwar jita ne. Jikinsa yana karkarwa, jitar tana karkarwa tare da shi, sai Inna ta ji abu yana rawa a ƙarƙashin tafinta. Leɓɓanta suka fara motsi. Ta wuce gidan liman, ta kai na maƙera, kafin Bushira ta gane, ta ɗauki taɓarya ta doke wayar daga soket.

Ya yi sati uku a asibiti a Kano. Tsirkiyoyin sun ƙone shi har ƙashi. Aka cire yatsa biyu, sauran suka naɗe ciki ba sa miƙewa. Ba ya iya danna tsirkiya, ba ya iya jan komar kifi. Bushira ta je wajen Shitu a kan ya dawo da ta katakon, ko don a rataye ta a ɗaki. Ya ce wani ɗan Tudun Wada ya wuce da ita tun washegari, bai ma san sunansa ba. Ya ƙara da cewa, "Ai ni na gaya masa ya sa takalmi." Yana nan a kasuwa har yau, bakinsa bai ragu ba.

Ranar da aka sallamo Ghali, Inna ta kira Bushira ɗaki, ta yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa, har ana ji a zaure.

"Ki gaya wa wancan, ni ban taɓa cewa ba na ji ba."

Har yanzu bayan la'asar yana tuɓe takalmi ya zauna a gefen tabarmarta. Wani lokaci takan manta ta miƙo hannu, ya tsaya a iska, sannan ya sauka a kan tabarma, taƙi ɗaya tsakaninsa da naɗaɗɗen hannun ɗanta. Ita ba ta matsar da nata ba, shi ma bai matsar da nasa ba. Haka suke zama har a kira magariba.