Ruwan da Ebenezer Ya Hana a Sayar

Shekara goma sha tara Ebenezer ya yi a sashen rini na wata masaƙa a Kakuri. Da masaƙar ta mutu sai ya koma gadi, ya yi dako, har ya taɓa kiwon kaji, ba wanda ya riƙe shi. Yana da shekara sittin da ɗaya Madam Vicky, shugabar zumuntar mata a cocinsu, ta ɗauke shi ya kula da injin ruwan leda a ƙaramin kamfaninta na Mahuta. Mutum goma sha biyu ke aiki a ƙarƙashinsa, duk Baba suke ce masa.

Wata safiyar Agusta, bayan ruwan sama na kwana uku, kwatar bayan kamfanin ta fashe ta malala cikin rijiyar burtsatse. Ebenezer ya tari ruwan a kofi, ya sansana, ya kashe inji.

Madam ta iso ta tarar da motoci biyu na jiran kaya.

"Baba, me ya sami injin?"

"Lafiyarsa ƙalau, Madam. Ruwan ne ya ɓaci. Sai an wanke rijiya an gwada."

Ta ɗaga kofin ta duba. "Ga shi garau. Kai likita ne?"

"Ni ba likita ba ne. Amma ba zan ba jikata wannan ba, kuma 'yan makaranta ne ke saye."

Ba ta yi musu da shi ba. Ta tara ma'aikata ta ce Baba ya ce yau ba aiki, kowa ya san abin da zai gaya wa iyalinsa. Monday, wanda Ebenezer da kansa ya roƙa aka ɗauka, shi ya fara ture shi gefe ya kunna injin.

Ebenezer ya tsaya yana kallon ledoji na faɗowa. Ya san inda za su, ya kuma san abin da zai same shi in ya buɗe baki. Ya ɗauki hularsa ya tafi wurin Malam Umar, duba-garin unguwa. Kafin azahar an garƙame kamfanin, an juyar da ruwan duka a kwata.

Ko mutum ɗaya bai sha ba, saboda haka ko mutum ɗaya bai kwanta ba. Wannan ne ya zama hujja a kansa. Aka ce tsohon banza ya ƙulla sharri, ina wanda ya mutu? Matan ma'aikata suka zo ƙofar gidansa a Nasarawa suna zagi, ɗaya ta ce hannun da ya ciyar da shi ya ciza. Ranar Lahadi matarsa Jummai ta zauna a bencin zumunta, matan suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka bar ta ita kaɗai da anko a jikinta. Dattawan coci suka kira shi, suka ce ya kai 'yar'uwa gaban hukuma ba tare da ya zo wurinsu ba, sai ya nemi gafara a gaban jama'a. Ya ce zai nemi gafarar rashin zuwa wurinsu, ban da ta ruwa. Suka dakatar da shi daga cin jibin Ubangiji a coci.

Bayan sati uku kamfanin ya buɗe da sabon suna. Kowa ya koma sai shi, Monday ya gaji kujerarsa.

Jummai ta yi wata guda ba ta tayar da maganar ba. Wata rana tana tsince wake ta ce, "Baban Hope, da ka yi shiru me zai faru?"

"Wataƙila ba komai," in ji shi. "Abin da ban sani ba ke nan, shi ya sa ban yi shirun ba."

Ta ce, "To, ka ci gaskiyarka, mu ma mu ci."

Daga nan ba wanda ya sake ɗaukarsa aiki a unguwar. Hawan jini ya kayar da shi shekara biyu bayan haka, gefen damansa ya shanye. Yanzu Jummai ke tuyar ƙosai a bakin titi, shi kuma yana zaune a bayanta yana yaga mata takardar ƙunshi da hannun hagu.