Albishir ɗin da Na Yi wa Zainabu

Shekara ashirin da biyu na yi ina aikin ungozoma a wani ƙaramin asibiti a unguwar Gardole, amma har gobe ban manta da wata Talata cikin bazara ba. Manjo, wato shugaban ma'aikatan jinya, ya leƙo ya ce in karɓi wata mata, don Hausa ta fi ji.

Sunanta Zainabu, daga unguwar Farsha. Mijinta dillalin shanu ne, ya rasu wata bakwai da suka wuce, bayan zaman shekara tara ba haihuwa. Surukarta ce ta rako ta. Zainabu ta ce al'adarta ta ɗauke, kuma nono na jiƙa mata riga. Tana magana ƙasa-ƙasa, ba ta ɗago kai.

Nan take na yanke hukunci a raina: bazawara, ga nono, ga suruka a gefe, lallai zarginta ake yi. Ni kuwa Allah Ya yi ni da rawar kai in na ga kamar ana zaluntar mace. Na bi ƙa'ida, awon fitsari, sannan ekografi, wato hoton ciki. Mahaifa wayam. Dokta ya sa a auna jini su dawo.

Ga masu tasowa, ku riƙe wannan. Akwai sinadarin da ake kira prolaktin, wata 'yar aba kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke fitar da shi. Shi ke kawo nono. Yakan yi yawa ba ciki ba goyo, saboda wasu magungunan amai ko na taɓin hankali, ko raunin abin nan na maƙogwaro mai jawo maƙoƙo, ko ɗan tsiro a jikin 'yar abar nan ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. In ya yi yawa, al'ada takan tsaya, ciki ya ƙi shiga. Na Zainabu ya hau sosai.

Da suka dawo na tare su da fara'a, har da ɗaga murya don tsohuwa ta ji. Na ce, "Albishirinki, Zainabu, babu ciki! Ciwo ne, kuma yana da magani."

Tsohuwa ta dafa bango ta zauna. Ta ce, "'Yar nan, sake dubawa. Kwantacce ne, ragid inji Larabawa. Na ɗana ne, barci yake yi."

Ashe ba zargi ya kawo su ba. Sun yi imani marigayi ya bar ciki ya kwanta, nonon kuma alamar ya fara motsi ne. Zainabu ma ta ƙi fita takaba, tana jiran haihuwa. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Na zauna na yi bayani a hankali. Zainabu ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Yaya, tun ina amarya nake ganin ɗigon nan jefi-jefi. Da na zo Malam na da rai, da na haihu?"

Na san amsar mai yiwuwa e ce. Na ce mata Allah ne masani, na riƙe hannunta, muka yi kuka mu uku.

Tun daga ranar, ba na buɗe takardar awo sai na tambayi mace abin da take fatan ji. Na'ura ba ta yi kuskure ba, ni ce na yi wa masu makoki albishir da mutuwa ta biyu.