Tsagar Tankin Hammajoda

Duk wanda ya taɓa kai shanshera gumi a Miri ya san Hammajoda, dogon Bafulatanin nan da in ya tsaya gefen murhu sai ka rantse muciya aka jingine. Da kiwo ya tashi. Da ciwon huhu ya shiga garkensa, sai ya kaɗa ragowar shanun kasuwa, ya dawo da tankin ƙarfe guda, aka girka masa a kan murhun bulo. Shekara da shekaru wuta na cin gindin tankin nan, ruwa da shinkafa na danne shi ta sama. Da shi gidan ke ci, da shi ake sutura. In ka cire shi, sai tabarmi da buta.

Wata rana matarsa Fatu ta ce tana jin wutar na cuu, kamar ana ɗiga mata ruwa. Hammajoda bai musa ba. Ya bari sai da gari ya waye, murhu ya huce, ya duƙa ya shafa tankin tun daga baki har gindi, yadda ya saba duba saniya kafin a fita kiwo. Ya tarar da ɗan layi kusa da ɗinkin walda, bai kai kaurin gashi ba.

Ya ce, "Ƙarzuwa ce."

Fatu ba ta yarda ba, ta aika Ƙofar Dumi aka kira Toma mai walda. Ya iso da rana tsaka, tanki na tafasa. Ya leƙa ƙasa, ya ja da baya yana murza ido.

"Ardo, wannan ai baki ne ya buɗe."

"Injiniyan ƙarya! Ɗazu na shafa shi, lafiya lau."

"Da sanyi ka shafa. In ƙarfe ya huce, tsagar rufewa take yi. In ya ɗau zafi, ga nauyi a kai, sai ta riƙa rarrafe ba ka sani ba."

Toma ya miƙa hannu da sauri ya ja alli a inda tsagar ta tsaya. "In ta wuce nan, ka sauke shi."

"To liƙe mini mana."

"In liƙe a jikin me? Wuta ta gama cinye ƙarfin gefen. Na liƙe nan, ya ɓalle can. Sai dai a yanke gindin duka a sa sabo."

Lokacin kaka ne, buhunan mutane jibge har bakin zaure. Hammajoda ya dube su ya ce bayan kaka, in Allah ya yarda.

Kada a zalunce shi, ya ci gaba da dubawa. Amma da safe yake yi, don hannu ya riga ya saba, kuma wa zai tura kansa murhu yana ci? Kullum tsagar na nan lafe a bayan allin, kamar mutuniyar kirki.

Ranar da abin ya faru, ko ƙarar kirki ba a ji ba. Gindin ya saki kawai. Tafasasshen ruwa da shinkafar mutane suka kwararo, suka kashe wutar, suka bi ta kan ƙafafun Hammajoda. Yana kwance a asibiti 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, suka zo suka ɗauke tankin a kura.

Yanzu Fatu ke gumin a tukunyar girki, na maƙwabta kawai. Shi kuwa yana zaune ƙofar gida, ƙafafu lulluɓe da zane saboda ƙuda. Babura na wucewa da buhunan shanshera zuwa wajen wani, masu su na ɗaga masa hannu. Wasu yakan amsa.