Hannun Hagun Anti Gwaji

Shagonta ɗan ƙarami ne, tsakanin tela da mai gyaran waya. Kwalabe a jere, ɗan sikeli, da fanka mai kuka kamar an hana ta abinci. Nan take haɗa man shafawa tun tana budurwa, kuma ƙa'idarta ɗaya ce: duk abin da zai taɓa fatar wani sai ya fara zama a hannunta na hagu. Hannun ya zama dabbare-dabbare, nan haske, nan tabo. Shi ya sa ake ce mata Anti Gwaji.

Da feftaid ya shigo kasuwa, sinadarin da ake haɗawa a masana'anta ana cewa yana rage tamojin fuska, ba ta yi rawar kai ba. Ta taka har ofishin hukumar da ke sa ido kan kayan kwalliya. Suka ce irin wanda ta kawo an yarda a shafa, ba a yarda a yi allurarsa ba. Ta shafa a hannu, ta jira, sannan ta jera shi a kantar shago.

Rannan sai ga yayarta, wadda ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta dire sirinji a kan tebur.

"Taron tsoffin ɗalibai ya matso. Ƙawata an yi mata allurarsa a goshi, ta dawo kamar 'yarta. Ki yi min."

"Yaya, na shafawa ne."

"Shafawa sai yaushe? Sai na yi jikoki goma? Ni na goya ki, yau ke ce mai karanta min doka? In ba ki yi ba, kin ga ƙafata ta ƙarshe a shagon nan."

Anti Gwaji ta san yayarta ba ta faɗa ta fasa. Sai ta zuƙo ruwan maganin a sirinjin, ta naɗe hannun riga, ta miƙa mata.

"Kin san ƙa'ida. Hannuna ne farko. Ga wuri nan kusa da gwiwar hannu, babu tabo. Ke za ki soka."

"Ke, ba na son iskanci."

"Soka mana, Yaya. Ba ki ce lafiya lau ne ba?"

Yayar ta kama hannun. Ta daɗe tana kallon tabban, har da wani tsoho da ta tuna ita ta yi jinyarsa. Ta ajiye allurar.

"Tun kina ƙarama kanki kamar dutse."

"Wa ya raine ni?"

Yayar ta ja kujera ta zauna, ta tura ɗankwali baya, ta rufe ido.

"To shafa. Ki cika hannu, ban da rowa."