Mutumin da Ya Miƙa wa Ƙanena Hagu

Kowace safiya, bayan ya karya kumallo, Malam Ishiyaku yakan buɗe shagonsa da ke bayan tashar mota a Birnin Kudu, ya share, ya yayyafa ruwa a bakin ƙofa, sannan ya zauna da tsumma yana goge fad ɗaya bayan ɗaya. Fad shi ne ɗan abin nan mai madannai da masu buga gem, wato wasan talabijin, suke riƙewa da hannu biyu. Yakan danna kowane madanni a kusa da kunnensa ya saurara, wanda ya ji ya yi tauri ya ware shi gefe. Sai ya gama wannan yake tayar da janareta. Da gyaran rediyo ya fara a shagon, a shekarar da aka ba mu jihar Jigawa, daga baya ya ƙara talabijin biyu da na'urar wasa, wurin ya koma gidan gem. Makon jiya ya miƙa makulli, domin idanunsa sun daina ganin ƙananan wayoyi.

Bari in fara da laifina. Sunana Zulkifli, malamin Turanci ne ni a wata sakandare a garin, kuma na yi shekaru ina raina mutumin nan. In na wuce shagonsa sai in yi tsaki in ce ga mai kashe wa yara karatu. Shi ma ba mai fara'a ba ne. A bangon shagon ya rubuta da jan fenti, manyan baƙaƙe: BA A TAƁA SAITI. Saiti shi ne shafin da ake daidaita yadda wasa zai tafi, kuma duk gidan gem dokar ke nan, saboda in wani ya shiga ya juya abu ɗaya, sai a yini ana neman yadda za a mayar da shi. Wanda ya karya dokar, Malam Ishiyaku ba ya musu da shi, ƙofa kawai yake nuna masa.

Ƙanena Munzali ɗan acaɓa ne a garinmu Basirka, yana ɗaukar fasinja zuwa Fagam da Gwaram. Duk ranar da hanya ta kawo shi Birnin Kudu sai ya leƙa shagon ya buga irin wasan nan da jarumi yake hawa duwatsu, yana tsallake ramuka, yana artabu da 'yan fashi. Kusan shekara uku da suka wuce wata motar hatsi ta haɗa da shi a kwana. Ya rayu, amma aka yanke masa hannun dama daga gwiwa.

Abin da muka yi masa bayan nan, har yau in na tuna jikina yana sanyi, domin duk da ƙauna muka yi shi. Matarsa Lailatu ke ba shi abinci a baki. Ni nake saka masa maɓallin riga in na zo gida. Masu dubiya kuwa, da sun shigo sai su rasa yadda za su yi da hannunsu. Damansa babu, hagu kuma ba a miƙa ta ga mutumin kirki, sai su dafa ƙirji su ce sannu daga nesa. Wata takwas ba wanda ya yi musabaha da Munzali. Ya daina zuwa masallaci saboda gaisawar da ake yi bayan an idar, ya koma kwana da yini a ɗaki. Sai Kawu Manu ya zo daga Kano ya ce ya san wani wuri a ƙofar masallaci inda masu irin larurarsa suke zama, ana samu ba laifi. Bara ke nan, ba wani suna. Munzali ya sunkuyar da kai ya ce to. Ni da karatuna da jakata ta malamai, ni ma na ce to.

Ana saura mako uku tafiyar, sai ga Malam Ishiyaku a Basirka, ya sauko daga bas da ƙura har gira. Ya yi sallama, ya shiga ɗakin, ya nufi Munzali kai tsaye ya miƙa masa hannun hagu. Na kaɗu. Dattijo mai furfura, a gidan mutane, a gaban mutane, ya miƙo hagu! Munzali ya dubi hannun ya daɗe, sannan ya kama. Suka riƙe juna.

"Ka ɓata, Munzali," in ji shi. "Jaruminka yana nan a bakin gada inda ka bar shi."

"Malam, da wane hannun?"

"Ban tambaye ka hannu ba. Ƙafafun lafiya?"

"Lafiyarsu ƙalau."

"To miƙo su nan."

Ya zaro igiya daga aljihu ya gwada tafin ƙafarsa, kamar mai ɗinkin takalmi. Da zai fita ya tsaya a zaure kan mataccen mashin ɗin da muka jingine tun ranar haɗarin, ya ce a ba shi ƙarfen giya da na birki. Ya kwance su da sifana, ya zuba a jaka, ya tafi. Na dubi Lailatu na ce, "Wannan dubiya ya zo ko jari-bola?"

Bayan kwana goma ya tare ni a ƙofar makaranta da takarda shafi huɗu. Bai iya Turanci ba, amma ya kwafo kalmomi daga talabijin harafi bayan harafi, kamar mai zanen hula. Ya roƙe ni in fassara masa. A tsaye na yi, ina duba agogo. Na ce wannan yana nufin a riƙe madanni maimakon a yi ta dannawa da sauri. Wannan yana cewa a ɗauke aikin wani madanni a ɗora wa wani. Wannan a rage saurin abokan gaba, wannan kuma hoton ya riƙa bin jarumi da kansa. Yana rubutawa da Hausa a gefe. Na ce, "Malam, da tsufanka za ka koma aji saboda wasan yara?" Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Karanta dai, Malam, ni ma jiya na san da su." Ban tambaye shi don wa yake yi ba, na koma aji abina.

Ranar tafiya Asabar ce da safe. Ni na rako Munzali, da jakarsa, da wata tsohuwar riga da Kawu ya ce ita ta fi dacewa da aikin. Motar Kano ta tsaya a tashar Birnin Kudu ƙarin lodi. Muna tsayawa na ga Malam Ishiyaku a jikin taga. Ashe tun asuba yake duba kowace mota da ta fito daga Gwaram.

"A ara min shi kafin direba ya gama lodi," in ji shi.

Raina ya ɓaci, amma Munzali ya riga ya sauka, sai na bi su. Abu na farko da na gani da shigata, jan rubutun nan na bango babu shi, an shafe da farar ƙasa. A gaban talabijin akwai benci, a ƙasa wani katako, an kafa ƙarfen giya a hagu, na birki a dama, wayoyi sun fito daga cikinsu sun shige fad. Fad ɗin kuma an ɗaure shi da roba a kan wani ɗan itace da ake ɗorawa a gwiwar hagu.

"Zauna yadda kake zama a kan mashin," ya ce wa Munzali. "Babban yatsan hannunka shi ne kan mashin, da shi za ka tafi. Giya tsalle, birki duka."

Munzali ya ɗora ƙafafu, suka sauka daidai ba tare da ya duba ba. Jarumi ya fara tafiya. Ya zo rami na farko ya faɗa. Ya sake, ya faɗa. Sau huɗu. Samarin da ke shagon suka taru a bayansa. Kunya ta kama ni, na ce, "Malam, ya isa haka, kada a mayar da shi abin kallo." Na kai hannu zan karɓi fad in wuce masa wurin. Wallahi dattijon nan ya make mini hannu, yadda nake yi wa ɗalibi mai satar amsa.

"Kada ka buga masa," ya ce. "Wata nawa kuna buga masa?"

Na janye hannuna. Tun da na girma ba wanda ya taɓa yi mini haka, amma gaskiyarsa ce. A karo na biyar Munzali ya taka giya a kan lokaci, jarumi ya dira a ɗaya gefen. 'Yan fashi uku suka fito, suna zuwa a hankali yadda zai iya bin su ɗaya ɗaya, ya tattaka birki ya watsa su. Sai gadar nan, wadda ke karyewa a tsakiya, inda sai an yi ta dannawa da sauri da hannun dama kafin jarumi ya ja jikinsa sama. Munzali ya danne birki ya riƙe. Jarumi ya hau. Ƙanena ya yi wata ƙara da ban ji irinta a bakinsa ba tun muna yara, samari suka ɗauki ihu. A waje direba yana ta hon.

Na ce, "Munzali, mota za ta tashi."

Bai ɗauke ido daga talabijin ba. Ya ce, "Yaya, je ka sauke mini jakata."

Da na dawo da jakar na tsaya ina kallon shafin saiti, na gane kalmomin da na fassara ina duba agogo. Na tambayi Malam Ishiyaku yaushe aka sa waɗannan abubuwa a wasan. Ya ce, "Tun ranar da na sayo na'urar suna ciki. Waɗanda suka ƙera ta sun tuna da masu larura, ni kuma na rubuta a bango kada a taɓa. Ɗanbala kurma ya fi shekara yana zuwa nan ana kashe shi daga baya a wasa saboda ba ya jin takun mutum, ashe akwai kibiya da za ta nuna masa. Ni na hana shi." Ni da nake jira ya yi alfahari, sai na ga mutum yana tuhumar kansa.

Malam Ishiyaku, kai ne ka ga ƙafafu a jikin da mu rashin hannu ɗaya kawai muke gani. Kai ne ka goge dokarka da hannunka, abin da manya da yawa ba sa iyawa. Bayan ranar nan ba ka tsaya a wasa ba. Ka haɗa wani maƙalli da ake matsewa da ƙafa, yana riƙe rediyo ko waya, ka zaunar da Munzali yana koyon lika dalma da hagu, yana ƙonewa kana cewa ya sake. Direbobin tasha shaida ne. Sun ga Ɗanbala yana juyowa kafin a kai masa duka yana dariya. Sun ga Taufiq daga Yalwan Damai, wanda hannunsa ke karkarwa tun haihuwa, ka ɗaure masa manyan madannai da murfin kwalba har ya ƙare wasa guda. Ba wanda ya aiko ka, ba wanda ya ba ka lambar yabo, mu ma tsaki muke yi maka.

Ranar da ya miƙa makulli na sake shan mamaki. Munzali, wanda yanzu shi ne mai shagon, ya ce, "Malam, kafin ka tafi sai ka buga ɗaya." Sai dattijon ya yi murmushi ya ce shi bai taɓa bugawa ba. Muka ɗauka wasa yake. Shekara ashirin da wani abu yana goge fad, yana kallon wasu suna tsallake ramuka, bai taɓa zama ya buga ko sau ɗaya ba, wai kada ya tare wa wani wuri. Ya ƙara da cewa, "Yanzu kuma ko jarumin ba na gani, hayaƙi kawai nake gani."

Munzali ya ɗauki fad. Ya shiga saiti, ya mayar da bayan hoton toka-toka, jarumi ya zama shuɗi shar, abokan gaba ja, ya kunna muryar da ke faɗin abin da ke gaba. Malam Ishiyaku ya matso da fuska kusa da talabijin, ya ce, "Kai! Ga shi nan, na gan shi." Ya zo rami na farko ya faɗa. Wani saurayi ya kai hannu zai taimaka masa, Munzali ya make hannun.

Mun gode, Malam Ishiyaku, mai kunnen jin ciwon madanni. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara wa idanunka haske, Ya sa ka gama lafiya. 'Ya'yan Munzali suna cin abincin da ubansu ya nemo da sana'a, tsohuwar rigar nan ta Kawu kuwa ita ce tsumman goge fad a shagon. Masu gidajen gem, daga Birnin Kudu har Gwaram, ku buɗe shafin nan ku sa a karanta muku, akwai wani a garinku da yake jira. Mu kuma da muke da mai larura a gida, mu daina karɓe masa komai da sunan tausayi, mu tambaye shi abin da ya rage masa mu fara daga nan.

Ranar Juma'ar da ta wuce na yi salla kusa da ƙanena a masallacin tasha. Da aka idar, na juya na miƙa masa hagu a tsakiyar sahu. Wata takwas da shekara biyu na makara, amma ya kama.